Filin Tambaya da Amsa: Wace Fuskar Linux Ce Ta Dace da Kwamfutocin Shagona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, inda muke buga wa ɗalibai firojet, mu kuma tsara katin ɗaurin aure da takardun neman aiki. Kwamfutocina uku ne, duka tokumbo, biyu masu ram gigabait 4, ɗaya mai 8. Tun da aka daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ta ƙi hawa kansu, ƙanena ya ba ni shawarar in koma Linux. Da na ce to, sai ya shiga jero mini sunaye, GNOME, KDE, Xfce, Cinnamon, har kaina ya ɗaure. Shin duk waɗannan Linux ne? Wanne zan ɗauka, ganin cewa 'yan mata biyu da ke yi mini aiki ba su san komai ba sai Windows?

Daga wani mai shago, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai wannan lamari ya tayar wa hankali ba, domin tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci da yawa suke neman mafita. Sunayen da ƙanenka ya lissafa ba su ne Linux ɗin kanta ba. Linux ita ce ginin gidan, wato abin da ke sarrafa ram da ma'ajiya da firinta, su kuwa waɗannan, da muke kira fuska, zaure ne da shimfiɗarsa, wato abin da idonka ke gani kuma maus ke taɓawa: inda jerin manhajoji yake, yadda taga ke buɗewa, inda agogo da alamar batir suke zama. A Windows zauren guda ne, ba a tambayar ra'ayinka. A nan kuwa an bar maka zaɓi, shi ya sa sunayen suka yi yawa.

Yawan nasu yana da asali. Wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara KDE a 1996, a shekarar da Olivier Fourdan na Faransa ya fara Xfce. A 1997 wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka kafa GNOME, saboda a lokacin kayan da aka gina KDE da su ba su da lasisin da ya bar wa kowa cikakken 'yanci. Da GNOME ta sauya kamanninta kakaf a 2011, masu amfani da ita da dama suka ƙi sabon salon, sai wasu suka ɗauki tsohon suka ci gaba da shi da sunan MATE, masu Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'ukan Linux da ake ɗorawa a kwamfuta, kuma suka ƙera Cinnamon. Wannan tarihi ya shafe ka kai tsaye, domin Cinnamon an yi ta ne musamman don mutanen da ke son maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu da sandar ayyuka a gindin allo, kamar yadda ma'aikatanka suka saba.

Saboda haka ban ba ka shawarar GNOME ba, duk da cewa ita ce ke zuwa da Ubuntu da Fedora, wasu nau'ukan Linux ɗin, kuma tana da tsabta da kyan gani. A asalin tsarinta babu sandar da ke nuna tagogin da ka buɗe a ƙasa, babu ma maɓallin sauke taga sai an kunna shi, ko da yake Ubuntu ta gyara wasu daga ciki. Ka ƙaddara ɗalibi yana tsaye a kan yarinyarka da ƙarfe takwas na safe, yana cewa malaminsu zai karɓi firojet da ƙarfe tara, ita kuma tana laluben inda takardar da ta buɗe ta shige. Ba a koyon sabon hannu a irin wannan lokaci. Bayan haka, GNOME tana daga cikin masu nauyi a kan ram, kuma gigabait 4 ba wani fili ba ne.

KDE Plasma, wadda zubinta na 6 ya fito a Fabrairun 2024, ta yi kama da Windows, kuma ba ta da nauyin da aka san ta da shi a da. Ni ita nake amfani da ita a gida. Amma a shago ina shakkarta, saboda kusan komai nata ana iya matsar da shi ko sauya shi, kuma kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa, wata rana za a wayi gari sandar ƙasa ta koma sama ko ta ɓace, a rasa wanda ya yi.

Abin da zan yi da ni ne kai shi ne in ɗora Linux Mint a kan biyun nan masu gigabait 4, zubin da ke ɗauke da Xfce maimakon Cinnamon. Xfce ba ta da ado, kamanninta ma na da ne, amma ba ta cin ram sosai, ba ta wahalar da tsohon inji, kuma masu Mint sun tsara ta yadda wanda ya fito daga Windows ba zai yi baƙunta ba. Mint 22 tana da kulawa har zuwa 2029. Idan ka ga har yanzu akwai jan ƙafa, akwai fuskar LXQt da ke zuwa da wani nau'in Linux mai suna Lubuntu, wadda ta fi Xfce rashin nauyi. Sai dai kada ka ɗora wa fuskar laifin da ba nata ba: burauza mai shafuka goma a buɗe ta fi kowace fuska cin ram, kuma sauya tsohuwar ma'ajiya mai juyawa da sabuwar da ba ta juyawa, wato SSD, yana kawo saurin da sauya fuska ba zai taɓa kawowa ba. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka ita ma tana sa inji ya yi zafi ya rage gudu, don haka a buɗe a busa ta.

Ta ukun, mai gigabait 8, kada ka yi gaggawar goge ta. Idan da CorelDraw kuke tsara katin biki, ka sani ba ta da zubin Linux, kuma babu fuskar da za ta canza wannan, haka ma Microsoft Word. Manhajar LibreOffice, wadda ke aiki a Linux, tana buɗe takardun Word ta kuma adana su, amma wani lokaci jeri yakan ɗan goce. Ka bar wannan injin da Windows don aikin kati, ka rage shigar da shi intanet, har sai kun gwada manhajar zane ta Inkscape a Linux kun ga ko za ta riƙe ku.

Kafin ka ɗora komai, ka sa ƙanenka ya zuba Mint a filas, domin tana tashi daga filas ɗin ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Da manhajar Ventoy ana iya zuba zubi biyu ko uku a filas guda. Kowane zubin Mint ya kusa gigabait 3, Ubuntu kuwa ta kusa 6, don haka a sauke sau ɗaya a yi wa duka injinan amfani da shi. Ka zaunar da 'yan matan, kowace ta buga shafi biyu ta tura firinta, ka tsaya kana kallon inda hannunsu ke tsayawa. Kuma kada ka bari a cusa fuskoki biyu ko uku a kwamfuta ɗaya da sunan gwaji. Yana yiwuwa, amma manhajojin sukan ninku, saituna su cakuɗe.

TAMBAYA: Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Daura. Wace fuska ce za ta ba ni damar rubuta ɓ, ɗ da ƙ?

AMSA: Malama, kowace daga cikinsu, domin jerin tsarin kibod ɗin da suke ɗauka guda ne. Ki shiga saitin kibod, ki ƙara sabon tsari, ki nemi Hausa ta Nijeriya, sannan ki buɗe hoton tsarin ki ga maɓallin da kowane harafi mai lanƙwasa ya koma. Ki bar tsarin Ingilishi a gefe don ki riƙa sauyawa tsakaninsu. Idan harafin ya fito kamar akwati a takarda, salon rubutun ne ba shi da shi. Ki koma DejaVu Sans ko Noto Sans.