Tambaya da Amsa: NEPA ta katse min gwaji, in ɗora ko in koma farko?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni sabon shiga ne a aikin gwajin manhaja, wata na uku kenan, kuma Azure Test Plans, manhajar tsara gwaje-gwaje da adana sakamakonsu, muke amfani da shi a ofis. Jiya aka ba ni gwaji 40 na manhajar tura kuɗi in bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina kan na 26 NEPA ta ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma dama lallaɓa shi nake, nan take ya ce ga garinku. Da safe na zo na tarar masu kodin, wato masu rubuta manhajar, sun turo sabon zubi cikin dare, wato sabon fitin manhajar da suka yi wa gyara. To ɗorawa zan yi daga inda na tsaya ko farko zan koma? Oga na jiran rahoto wallahi.
Wani mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikas salam ƙanina, sannu da fama. Ita dai ɗorawar ba wahala gare ta ba. A tagar da kake gwajin, bayan alamar ya ci da ta ya faɗi akwai ta dakatarwa, Pause, in ka danna ta ka adana ka rufe, gobe sai ka zaɓi gwajin ka danna Resume test, matakan da ka riga ka yi wa alama suna nan yadda ka bar su. Amma fa sai in ka adana, kai kuwa wuta ce ta yanke maka hanzari, don haka fara dubawa ka ga nawa ne suka shiga cikin 25 ɗin, wanda bai shiga ba ko da ka tuna ya ci kar ka cike shi da ka, sake shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sabon zubin nan. Sakamakon gwaji shaida ce a kan zubin da aka gwada kawai, 25 ɗinka na manhajar jiya ne, in ka ɗora 15 na yau a kai ka miƙa wa oga ka ce 40 sun ci to ka ba shi rahoton manhajar da babu ita, rabi jiya rabi yau. Je ka samu masu kodin ka tambaye su me suka taɓa. In rubutun wani maɓalli suka gyara, ɗora abinka, ka dai rubuta lambar zubin a bayani. In kuwa sun taɓa wajen shiga asusu ko lissafin caji, to haƙuri za ka yi, buɗe sabon zagayen gwaji ta zaɓin Run with options ka zaɓi zubin yau, ka fara da waɗanda gyaran ya shafa da waɗanda suka faɗi jiya. In sun ce maka "ƙaramin gyara ne kawai", nemi su nuna maka, mun sha jin wannan.

Shi kuma na 26 da ka tsaya a tsakiyarsa, ni dai da ni ne daga matakin farko zan sake shi. A ce misali mataki na 3 ya ce a tura naira 5,000 daga asusun gwaji, ka tura jiya, mataki na 4 ya ce a duba ragowar kuɗi, yau ka dawo an fitar da kai daga manhajar, lambar sirrin da aka turo maka ta mutu tuni, ƙila ma wani abokin aikinka ya yi amfani da asusun da safe, sai ka ga lissafi bai yi daidai ba ka ruga ka kai ƙarar matsalar da ba ta wanzu ba, masu kodin su ɓata yini suna nemanta, kai kuma ka sha harara.

Wani abu da sababbi ke yawan cakuɗawa: gwajin da ka kasa yi saboda sabar da manhajar ke aiki a kanta (server) ta faɗi ko ba a ba ka asusu ba, ba faɗuwa ya yi ba, alamar an tare shi za ka sa, Blocked, ka rubuta dalili a layi ɗaya. In wata rana aiki ya kai ka inda ake amfani da TestRail, wata manhajar tsara gwaji irin wannan, ka kula da maɓallin rufe zagaye, can in ka rufe ya rufu kenan ba a sake buɗewa, sai dai ka tada sabo.

Oga kuma gaya masa gaskiya yau da safe, 25 a zubin jiya, saura kaza, zan gama ƙarfe kaza. Daga yanzu duk gwajin da ka gama ka adana kafin ka shiga na gaba, batirin nan kuma ka rubuta wa ofis su canza maka.