Cokalin mai da bokitin kitse: amsa ga yaron da ke koyon kiwon karnuka

Yarona, tambayar da ka yi mini ranar da na hana ka juye kitsen nan a tukunyar karnuka tana da tushe, sai dai a lokacin hankalina yana kan karyar da ke naƙuda, shi ya sa ban ba ka amsar da ta dace ba. Ka ce kullum ni nake sa ka auna man waken soya da cokali ka zuba musu a abinci, amma da mahauci ya cika maka bokiti da kitsen saniya kyauta sai na rufe ka da faɗa, alhali a ganinka mai da kitse duk maiƙo ne. Gaskiyarka, duk maiƙo ne, amma aikin da suke yi a jikin kare ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawan da ka yi niyyar zubawa a tashi guda.

Mu fara da lissafi, domin shi ne abin da ido ba ya gani. Giram 1 na maiƙo yana ba jiki ƙarfin da ya kai kalori 9, alhali giram 1 na sitaci ko na furotin bai wuce kalori 4 ba. Babban cokali guda na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, shi kuwa kare mai nauyin kilo 30 da ba ya aikin wahala yana buƙatar kimanin kalori 1,500 a yini. Ka ga ke nan cokali 3 kacal sun kusa rubu'in abincinsa na ranar, kilo 1 na tsantsar kitse kuma ya kai ƙarfin abincin kwana 5 zuwa 6. Wanda yake auna tuwo da kwano ba zai yi wa mai irin wannan awon ba.

Ƙarfi ba shi ne kaɗai amfanin maiƙo ba. Bitamin A da D da E da K ba sa narkewa a ruwa, sai a mai, don haka idan abinci ya bushe ƙayau suna iya wucewa ta hanji jiki bai tsotse su yadda ya kamata ba. Na D ya fi damuna, saboda fatar kare ba ta haɗa shi daga hasken rana yadda tamu take yi, dole ta baki zai same shi. Sannan akwai wani sinadari a cikin mai da ake kira linoleyik, ɗan gidan omega-6, wanda jikin kare ba ya iya ƙera shi da kansa. George Burr da matarsa Mildred ne suka fara gano irin wannan buƙata a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1929, lokacin da suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsane masa mai gaba ɗaya, suka ga fatarsu ta yi saɓa, girmansu ya tsaya. Haka abin yake ga kare: gashi ya dushe ya riƙa karyewa, fata ta bushe tana zubar da amosani, rauni ya daɗe bai warke ba.

A nan ne cokalin da nake sa ka aunawa ya samo asali. Karnukanmu rabin abincinsu tuwon masara ne da shinkafa. Ƙwayar masara tana da ɗan mai mai kyau, amma a ƙwayar tsiro yake, kuma idan aka surfa ta aka fitar da dusa, yawancinsa ya bi dusar ya tafi wurin awaki. Farar shinkafa kuwa kusan babu komai na maiƙo a cikinta. Man waken soya kimanin rabinsa linoleyik ne, man gyaɗa wajen kashi 1 cikin 3, kitsen kaza kashi 1 cikin 5, manja kashi 1 cikin 10, shi kuwa kitsen saniya bai wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba. Ma'ana, kafin kitsen bokitinka ya ba kare abin da cokali guda na man soya zai ba shi, sai ka ɗura masa fiye da ninki 10. Wannan ba ya nufin kitsen saniya guba ne. Kamfanonin da ke yin busasshen abincin kare suna fesa masa narkakken kitsen dabba don ya yi ƙamshi ya ƙara ƙarfi, kuma kare ba ya saurin samun toshewar jijiyoyin jini saboda kitse kamar yadda mutum yake samu. Matsalarsa a wani wuri take.

A gefen tumbin kare, inda ƙaramin hanji ya faro, akwai wata tsoka mai taushi da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce take fitar da ruwan da ke narka kitse da nama, tare da taimakon ruwan matsarmama da hanta ke samarwa. A ƙa'ida ruwan ba ya fara aiki sai ya isa cikin hanji, amma idan tsokar ta kumbura sai ya farka tun yana cikinta, ya shiga cin naman da ya haife shi. Cikin abubuwan da aka fi dangantawa da wannan ciwo akwai babban abinci mai kitse da kare bai saba da shi ba, musamman idan karen ya manyanta ko ya yi ƙiba. Ni na ga wannan da idona shekarun baya, kwana biyu bayan Babbar Sallah, lokacin da maƙwabta suka tara mana kitsen layya, ni kuma saboda ganin banza ta faɗi na dafa na raba. Karnuka biyar suka yi zawo suka warke, na shidan, wanda shi ne mafi tsufa kuma mafi iya gadi, ya kama amai, ya ƙi ruwa, ya riƙa miƙe ƙafafun gaba a ƙasa yana ɗaga ƙugu sama saboda ciwon ciki. Na yi kuskure na biyu, na ɗura masa manja kamar yadda mutane ke yi idan suna zargin guba, wato na ƙara wa wuta fetur. Kafin mu kai shi wurin likitan dabbobi jikinsa ya riga ya bushe, bai kwana ba. Idan ka taɓa ganin waɗannan alamu, kada ka ba shi mai kowane iri, kada ka jira gari ya waye, ka nemi likita domin ƙarin ruwa da maganin zafi ne suke ceto shi.

Akwai wani nau'in mai da soya ba ta cike gurbinsa sosai, shi ne omega-3 irin na kifin teku, wanda ake rubuta sinadaransa da EPA da DHA. Man soya yana da ɗan danginsu, amma jikin kare ba ya iya juya shi zuwa waɗannan biyun sai kaɗan. DHA yana shiga ginin ƙwaƙwalwa da idon kwikwiyo, EPA kuma yana rage kumburi, shi ya sa likitoci ke rubuta man kifi ga tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ko mai ƙaiƙayin fata. Dalilin da nake sa ka dafa kifin titus sau biyu a mako ka zare ƙayar ke nan. Ka bambanta man jikin kifi da man hantar kifi da ake sayarwa a kemis, domin na hanta cike yake da bitamin A da D, waɗanda ba sa fita ta fitsari, taruwa suke yi a jiki har su yi lahani idan aka yawaita.

Yawan maiƙon da ya dace kuma yana bin aikin kare ne. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara a gasar Iditarod ta Alaska, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,600, kowanne yana iya cin kalori 10,000 a rana, fiye da rabi daga kitse, saboda tsokar kare ta ƙware wajen ƙona mai a doguwar tafiya. Karen mafarauci da ke wuni a daji da rani ya fi kusa da waɗannan, haka ma karya mai shayarwa, wadda a mako na 3 zuwa na 4 buƙatarta ke ninkawa sau 2 ko 3, ga shi nononta ya ninka na saniya maiƙo. Amma karen gadi da ke kwance a keji tun safe, da dare ya zagaya harabar gida ya yi haushi, ba ya cikin wannan sahu, duk girman jikinsa. Masu gida suna son su ga kare ya yi bul-bul, suna ɗauka alamar kulawa ce, ni kuwa ina ganinta a matsayin rage masa kwana. An yi wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 a kan karnuka 48 irin Labrado, inda aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abinci tsawon rayuwarsu, kuma waɗanda aka rage wa sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara 2, ciwon gaɓoɓi ma ya jinkirta kama su. Awon da nake amfani da shi hannu ne: ka shafa haƙarƙarinsa, ya zama kana jin ƙasusuwan ba tare da dannawa ba amma ba ka ƙirga su da ido daga nesa, idan kuma ka dube shi ta sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga.

Idan abincin buhu ne, ka karanta jikinsa. Ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, ta sa mafi ƙarancin mai a kashi 5.5 cikin 100 ga babban kare, da kashi 8.5 ga kwikwiyo da karya mai ciki ko shayarwa, bayan an cire ruwan da ke cikin abincin. Wannan cire ruwan ne ke rikita mutane a abincin gwangwani, wanda kusan kashi 75 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka gwangwanin da aka rubuta masa mai kashi 5 ya kai kashi 20 a busasshen awo. Cikakken abincin buhu ba ya buƙatar ƙarin cokalinmu.

Sai maganar lalacewa, domin mai yana tsufa, kuma zafin watan Maris da Afrilu yana hanzarta shi. Idan iska da zafi suka daɗe a kansa sai ya canza wari, ya lalata bitamin E da ke cikin abincin, kare ya ƙi ci ko ya ci ya yi zawo. Ka riƙa ɗaure bakin buhu, ka ajiye shi a inuwa a kan katako, kada ka sayi wanda ba za mu cinye cikin wata guda ba. Baƙin man da mai ƙosai ta yi ta suya da shi, da ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, ba sa shiga tukunyarmu, domin albasa tana fasa ƙwayoyin jinin kare. Kada kuma ka ɗauka duk karen da gashinsa ya zube mai ya rasa. Ka fara duba kaska da ƙuma da ƙazuwa, ka tuna ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki, kuma ko da rashin mai ne, fata ba ta nuna sauyi sai bayan mako 6 zuwa 8. Masu shafa wa kare baƙin man inji don ƙazuwa guba suke shafa masa, tun da lashewa zai yi.

Shi kuma kitsen da ka kawo, ba zubar da shi za mu yi ba. Ka yanka shi ƙanana, ka narka a wuta marar ƙarfi, ka tace, ka zuba a robobi ƙanana ka sa a firiza. Karyar da ta haihu za ka fara mata da ƙaramin cokali guda a rana, ka riƙa duba kashinta kowace safiya, idan bai yi ruwa ba ka ƙara kaɗan bayan kwana 3, har ku kai babban cokali a ƙarshen mako. Tsofaffin nan biyu da ke kejin baya ko ɗanɗano kada su yi.