Amsar kawu kan Excel da rumbun bayanai

Ɗana, saƙonka ya iso. Allah ya taya ka riƙon wannan kujera. Ka ce ka tarar ana bin ci gaban ma'aikata talatin da 'yan kai a fayil ɗin Excel, wani ya ce maka wannan aikin da ne, ka koma rumbun bayanai (database, manhajar da ke adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna), kai kuma kana tsoron taɓa al'adar da ka tarar.

Al'ada ce kam, amma jiya-jiya aka haife ta. Mu da rajista da katin ma'aikaci muka fara. VisiCalc, kakan su Excel, a 1979 ya fito, Excel kuma a 1985, kuma don lissafin akawu aka yi su. Tsarin rumbun da ake yi maka kwaɗayinsa ma ya girme su, tun 1970 Edgar Codd na IBM ya shimfiɗa shi. To wanne ne aikin da?

Kada yawan mutane ya dame ka. Tun daga Excel na 2007 shafi ɗaya na ɗaukar layi 1,048,576. Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ɗaya labarinsa da yawa. Duba fayil ɗinka da kyau. An yi wa wani ƙarin girma, akawu ya goge mataki na 7 ya rubuta 8. Yaushe ya hau na 7 ɗin, shekara nawa ya yi a kai? Shi ke nan, ya bi ruwa. Ga kuma gurbin "kwas na 1", "kwas na 2", har sai shafi ya fi ƙarfin allo. Ci gaba kuwa tarihi ne, kai kuma kullum kana goge shi.

Ni na taɓa jera sunaye bisa haruffa, na manta ban haɗa da sauran gurabun ba. Makin ƙwazon wani ya koma kan wani, sai ana gobe zaman ƙarin girma muka farga. Har yau in na tuna sai gumi ya karyo min.

Rumbu ba ya yin haka, domin kowane ma'aikaci lamba ɗaya gare shi, kwasa-kwasansa da makinsa da takardun gargaɗinsa kowanne na jadawalinsa, lambar ce ke ɗaure su. Manhajojin rumbu irin su PostgreSQL kuma suna ba ka damar tsara wa zai ga me. Sai dai rumbu yana son mai kula. Ranar da wanda ya gina shi ya ajiye aiki, za ku zauna kuna kallon juna.

Da ni ne kai, ba zan bar Excel yanzu ba, gyara shi zan yi. Shafi ɗaya na ma'aikata da lambobinsu, wani na abubuwan da suka faru, kowane abu layinsa da ranarsa, ba a gogewa sai ƙari. Ranar da ka ga shugabannin sashe uku ko huɗu suna rubutu a ciki, ko aka fara yawo da kwafin fayil iri-iri, wannan "na ƙarshe" wancan "na ƙarshe na gaskiya", ko makin wani ya faɗa idon wanda bai kamata ba, to ka koma rumbu. Shafukan nan biyu za su shige ba wahala.

Ka turo min kanun gurabun in duba, amma ka cire sunayen mutane. Ka gaishe da iyali.