Kakata ta hau dutse, babana ya yi sadaka

Ɗan'uwa, saƙonka ya iso, tare da bidiyon faston nan da ke ɗora wa mutane hannu suna zubewa ƙasa. Ka tambaye ni ko a cikin irin wannan muke zaune a Kumasi, ko kuma gaskiya ne 'ya'yan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a nan Ghana, na bin fastoci neman mu'ujiza. Ƙarshen saƙon ne ya fi tsaya mini a rai, inda ka ce, "Anya kuwa da sauran Hausanci a jikinku?" Sai da na kwana biyu kafin in ɗauki alƙalami, don kada in amsa maka da zafi.

Eh, a cikinsu muke zaune. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, Musulmi kuwa kusan kashi 20. A unguwar Aboabo da ke nan Kumasi, daren Juma'a za ka kwana kana jiyo gangar coci, su ma da asuba ladaninmu ne ke tashinsu. Wannan ba ya ɗaga wa kowa hankali a nan. Amma abin da ke cikin zuciyar mutanen, bidiyo ba zai nuna maka ba. Ni a cikin gida na gan shi.

Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. 'Yar cocin Methodist ce, mai sayar da agade a kasuwar Kejetia, Maame muke ce mata. Ba ta jin Turanci, amma Littafi Mai Tsarki na harshen Twi ta karance shi har bangonsa ya saɓule. In ka tambaye ta me ya sa ta yarda Allah yana yin al'ajabi a yau, ba ta fara maka da labarin wani fasto. Sai ta buɗe littafin Ishaya sura 7, inda aka ce budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa, ta koma Mika sura 5, inda aka ambaci Baitalami, ta ce duk an faɗi wannan ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Yesu, kuma ya faru. Hujjarta ke nan: wanda ya cika alkawarin da ya daɗe haka ba zai manta da nata ba. Duk azumi da kwanan addu'a da Kiristocin nan ke yi, a kan wannan tunanin ya zauna.

Babana kuwa malamin zaure ne, jikan fatake 'yan Kano da goro ya kawo su ta hanyar Salaga. In ta zo gidanmu ranar Lahadi da yamma, sai ya shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki su yi ta zance da Twi. Yakan ce mata, "Maame, mu ma mun yarda an haifi Annabi Isa babu uba, sura guda ce a Alƙur'ani da sunan Maryam. Mun yarda ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da iznin Allah, yana nan a Ali Imrana aya ta 49." In suka iso kan gicciye, da batun ɗan Allah, da cewa ana samun annabawa bayan Manzon Allah (SAW), a nan suke rabuwa. Ba ya sassauta mata ko kaɗan, ita ma haka. Sai mamata ta kawo abinci.

Iyayena sun yi shekara bakwai babu haihuwa. Matan unguwa ba su bar mamata ta sha ruwa ba: ai ga abin da auren Batoniya ke jawowa, ai Malam ya nemo 'yar gida. Alhali ta musulunta tun kafin a ɗaura aure, kuma ta fi da yawansu tsare salla. Maame ta kasa jurewa. Ta ɗaura zane ta hau dutsen Atwea, can wajen Mampong, inda Kiristoci ke zuwa kwanan addu'a, ta yi kwana uku tana azumi. Da ta sauko, ƙafafunta a kumbure, ta wuce kai tsaye gidanmu ta ce wani odiyifo, wato wanda suke ɗauka mai annabci ne, ya gaya mata baɗi war haka za ta goyi jika. Babana bai je ba, bai bar mamata ta je ba, kuma bai ci wa surukarsa fuska ba. Ya ce mata ya gode da wahalar da ta sha. Shi kuma ya ci gaba da nasa: tashin dare da addu'ar Annabi Zakariyya, "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin," da sadakar koko da ƙosai duk Juma'a.

Shekara na zagayowa aka haife ni. Ranar suna babana ya raɗa mini Yahaya. Maame kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira ni da wani suna ba sai Nyamekye, kyautar Allah. Ta tsaya a gaban 'yan cocinsu ta ba da shaida cewa annabci ya cika. Babana ya ce Allah ne ya bayar, a lokacin da Ya rubuta. Ni a kan maganar babana nake, babu wanda ya san gaibu sai Allah. Amma tsohuwar da ta hau dutse da yunwa saboda hawayen 'yarta, ba zan iya zama a yi mata dariya a gabana ba.

Kada ka ɗauka duk Kiristocin nan sun yarda da irin faston bidiyonka. Da yawansu sun fi mu jin haushin masu sayar da man zaitun da ruwan kwalba. Daren 31 ga Disamba coci-coci ke cika, wasu fastoci su hau mumbari su jera abin da zai faru a sabuwar shekara, har da sunayen waɗanda za su mutu. A ƙarshen 2018 wani fitaccen fasto a Ankara, yadda muke kiran Accra, ya ce Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, zai rasu a 2019. Samari suka fusata, suka je suka farfasa kayan cocinsa. Shehu ya kira su ya ce a mayar da wuƙa kube, ya yafe. A watan Afrilun shekarar ya cika shekara 100 a duniya, kuma ranar Ista ya taka har cocin Katolika na Christ the King ya gaisa da mutane. Na san a wajenku wasu ba su ji daɗin hoton ziyarar ba. Mu a nan mun san wutar da tsohon ya kashe. Zuwa ƙarshen 2021 ma 'yan sanda da kansu suka gargaɗi fastoci kan annabcin da ke tsorata jama'a.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai matan zango da ke sulalewa wajen addu'ar fastoci in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko haihuwa ta yi nisa. Malamanmu na faɗa a kai a wajen tafsiri. Kiristoci ma suna shigowa zango da dare neman rubutun sha, kuma tun zamanin da haka abin yake: babbar rigar yaƙin Sarkin Asante cike take da layu, fadarsa ta Manhyia kuma tana da limaminta. Mai neman sauƙi ido rufe yake tafiya. Ko a Kano ba a rasa mai zuwa wajen boka a ɓoye ba, kuma ban ji an cire shi daga Hausawa ba.

Batun aure shi ne mikin. Mazanmu na auren 'ya'yan masu ƙasa, yawanci su musulunta. 'Ya mace ta auri wanda ba Musulmi ba kuwa, wannan har yau kuka ne a gida. Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, saboda haka a wajensu ni nasu ne, in an yi rasuwa a dangin sai an aiko mini. Zango kuma ta wajen uba take lissafi. Nan gida babu wanda ya taɓa kore ni. Sai da na zo Kano, na shiga kasuwar Kurmi da zumuɗin ganin garin kakana, na ce "matata ya gaishe ka," rumfa guda ta fashe da dariya, wani ya ce, "Wannan ɗan Gwanja ne." Haka Hausarmu take, ba ta cika raba namiji da mace ba. Da ita aka yi mini karatun allo, da ita aka ɗaura mini aure, da ita Sarkin Zango ke sasanta mu. Ranar na koma masauki ban iya cin tuwo ba.

Da Maame ta rasu, babana bai shiga coci ba. Amma ya tara dattawan layinmu su goma sha biyu, da manyan riguna da huluna, suka je suka zauna ƙarƙashin rumfar makoki tsakiyar masu baƙaƙe da jajayen zannuwa, tun hantsi har la'asar, suka tashi suka yi salla a gefe suka dawo. Littafinta mamata ce ta gada. Yana cikin akwatinta, nannaɗe da ɗankwali, da lanƙwasa a shafin Luka sura 1, inda aka yi wa Zakariyya albishir da ɗa.