Ƙwayar Tazarar Haihuwa Tana Daskarar da Jini?

Tambaya: Sati uku ke nan da na haihu, ina shayarwa, kuma ina so in koma shan ƙwayar tazarar haihuwa. An ce mini tana daskarar da jini a jijiya. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da sauka lafiya. Akwai gaskiya a maganar, amma ba kowace ƙwaya ba ce. Wadda ake nufi ita ce mai haɗin sinadari biyu, estrojin da frojestin.

Estrojin da jikin mace ke samarwa yana taimakon jijiyoyin jini su saki jiki, jini ya gudana cikin sauƙi. Na ƙwaya kuwa, da an haɗiye shi sai ya bi ta hanta, ya sa ta ƙara samar da sinadaran daskarar da jini irin su fibrinojin, ta kuma rage masu hana daskarewar. Daga nan gudan jini kan iya toshe jijiya mai zurfi a ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu.

Cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar, kusan 2 ne ke samun wannan a shekara. Masu shan mai haɗin biyu wadda frojestin ɗinta nau'in levonorgestrel ne, 5 zuwa 7. Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko ta sha.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da kike ciki. Juna biyu kan sa jini saurin daskarewa don kada mace ta zubar da shi da yawa wurin haihuwa, kuma sati shida na jego sun fi kowane lokaci haɗari, balle idan tiyata aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana mai shayarwa wannan ƙwaya kafin sati shida, ta kuma fi son a jira wata shida. Ki tambayi asibiti ashanar hannu, ko robar mahaifa, ko ƙwaya mai frojestin kaɗai.

Ko bayan an yi arba'in, kada ki sha mai estrojin idan kin taɓa samun gudan jini, ko awon hawan jininki ya kai 160/100, ko kina ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido, ko kin kai shekara 35 kina shan taba.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na zafi da ciwo, kada a matsa ta ko a gasa da ruwan zafi. Wannan, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tarin jini, a tafi asibiti nan take.