Wane Littafin Hausa Zan Fara Karanta wa Yarana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Yarana suna jin Hausa domin da ita muke magana a gida, amma duk karatunsu da Larabci ne, har ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko Hausawa ma suna da littattafai. Ina roƙon a gaya mini littafin da ya fi taɓa zuciya, wanda zan fara karanta musu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya raya zuri'a. Da yawa za su ce maka Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, kuma ba su yi kuskure ba, domin labaran da aku yake ba ɗan sarki Musa suna da daɗi, ga hikima, kuma yaron da ya san Alfu Laila zai ji kamar ya haɗu da wani ɗan'uwansa. Sai dai ni, ga yaran Mai Wurno, Shaihu Umar nake gabatarwa.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta kamarka, tun kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya, aka buga shi a 1934 bayan gasar rubutu da hukumar fassara ta Zariya ta shirya. Labari ne na yaron da aka sace a zamanin bauta, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, har ya zama babban malami. Abin da yake karya zuciya shi ne mahaifiyarsa. Ta bar gida ita kaɗai tana nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ta sha wahala shekara da shekaru, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai yi wa wannan wuri ado da yawan magana ba, shi ya sa yake zama a zuciya.

Dalilin da ya sa na zaɓa muku shi a fili yake. Garinku ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragamar masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka zauna a gaɓar Nilu kusa da Sinnar. Yaran da kakanninsu suka yi wannan tafiya da ƙafa ba sa buƙatar a yi musu bayanin rabuwa da gida, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba iyalai masu yawa a Sudan. Saboda haka ka karanta babin mahaifiyar kai kaɗai tukuna, ka auna ko ƙananan cikinsu za su iya ɗauka.

Kada ka jira sai sun iya boko. Ka riƙa karanta musu da baki bayan sallar isha'i, shafi uku ko huɗu, ka tsaya a inda za su matsu su ji ci gaba. Idan kun gama, sai ka ɗauko Waƙoƙin Infiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon mawaƙin nan na ƙasar Zazzau, domin su rerawa ake yi, kuma kalmomin Larabcin da ke cikinsu za su zo wa yaranka da sauƙi fiye da yadda suke zuwa wa yaran Kano. Ana samun littattafan nan a kasuwannin Kano da Zariya, don haka ka yi sautu wurin duk mai zuwa Najeriya daga cikin danginku.