Wane takalmi ya dace da hawan dutse?

Tambaya: Ni da abokaina za mu yi tafiyar ƙasa ta kwana biyu a kan duwatsu, kowa da jakarsa a baya. Kambas ɗin da nake gudu da shi zai wadatar, ko sai na sayi but?

Amsa: Malam, juya kambas ɗin ka dubi ƙasansa. In zanen ya cinye ko ba shi da zurfi, bar shi a gida, santsi zai kwashe ka a jiƙaƙƙen dutse. Tunda akwai kaya a baya, ni but mai rufe idon sawu zan zaɓa maka, wanda ƙasansa ba ya lanƙwashewa da sauƙi a hannu.

Wajen awo ne aka fi yin kuskure. Ƙafa tana kumbura in tafiya ta yi nisa, don haka ka gwada da yamma, sanye da safar da za ka tafi da ita. Bar tazarar faɗin babban yatsan hannunka tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Ɗaure igiya ka sauko daga matakala: in yatsunka suna dukan gaba, a gangara farce zai yi baƙi, har ya fita. Dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa, daga nan bororo ke farawa.

Takalmi mai hana ruwa shiga, irin wanda aka yi da yadin Gore-Tex, yana da rana in ana ruwa, sai dai yana riƙe zafi. Safar auduga tana tara gumi, nemi ta ulu. Sabon takalmin kuwa, yi ta yawo da shi tun yanzu ya saba da ƙafarka.